Wata Ukun da Na Yanka wa Inna

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta da rahama, sai yanzu na iya zama in rubuta yadda jinyarta ta kasance. Na san rubutu ba zai wanke ni ba. Amma in akwai wanda aka tura mara lafiyarsa gashin ciwon daji, ina so ya ji abin da na aikata da bakina, ko zai tsira daga irinsa.

Ni mutumin Mahuta ne, sana'ata hatsi. Da kaka nakan sayi masara da wake da waken suya, in zuba a sito a Funtuwa, in jira kasuwa ta tashi. Fiye da shekara ashirin ina wannan. A gidanmu kuma ni ne mai sani. Ni na yi sakandare, ni ke karanta takardar magani, ni ake tambaya ko wane taki za a saya. Na saba in faɗa a ce to, kuma wallahi ina jin daɗin hakan.

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tunda na taso ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan," shi ne sunana a wurinta, har na yi furfura a gemu. Ba ta zama ta yi hira da ni, in na shiga gaishe ta sai ta kau da kai tana amsawa. Da matata Rabi ta haifi mace na sa mata sunan Inna, muke kiranta Ummi. To duk abin da kunya ta hana Inna ta nuna mini, a kan yarinyar nan ta juye shi. Da aka tashi yaye aka kai Ummi ɗakinta kamar yadda aka saba, shi ke nan ba ta sake dawowa ɗakin uwarta ba. Gado ɗaya, kwano ɗaya. Tana shekara huɗu, ƙafafunta na reto har gwiwar tsohuwa, amma Inna na goya ta zuwa gidan suna. In na ce, "Inna, wannan ai ta wuce goyo," sai ta ce da bango, "Wasu dai ba su da aiki sai sa ido a kan takwarata."

Ciwon ya fara ne da farkon damina, ana shuka. Wani ɗan ƙulli ne a ƙarƙashin muƙamuƙinta na hagu, bai fi gyaɗa ba. Muka ce haƙori ne, tunda Inna da goro ba a raba su. Na kai ta kemis aka yi mata allurai na kwana biyar. Bai motsa ba. Kafin a gama noman farko ya kai goro, ta fara cewa tuwo na tsaya mata a wuya.

Nan fa masu shawara suka taso. Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ta fara kiran sunan ciwon. Ta ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, allurar da na sa aka yi ce ta fusata shi. Wani ya ce a kira wanzami ya tsaga. Wannan kam na hana. Aka ba mu labarin wani tsohon Bamaguje a bayan Ƙarfi mai maganin kumburi, na ɗauki Inna a bayan mashin muka je. Ya ba mu saƙe-saƙi na sha da wani baƙin gari na shafawa. Bayan sati uku muka koma, ya taɓa wurin da yatsa biyu, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ya fi ƙarfina. Kar in cuce ku, ku tafi asibiti." Ko sisi bai karɓa ba a zuwa na biyun. Har gobe ina ganin girman mutumin nan.

Sai da masara ta fara bushewa muka je asibiti a Funtuwa, lokacin ƙullin ya kai lemun tsami. Suka duba suka rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti, tafiyar wuni guda. A can muka koyi layi. Layin kati, layin ganin likita, layin hoto, layin biyan kuɗin hoto. Suka yanki ɗan nama a wurin, suka ce mu dawo bayan sati uku. Muka dawo, suka ce daji ne, kuma ya kama wurin da wuƙa ba za ta iya ba, sai gashi da hasken wata na'ura. Aka rubuta sunanta a jerin masu jira, aka ce na'urar ta lalace, ana jiran mai gyara. Sati biyar muna jiran waya. Waken da na saya da niyyar ajiyewa har bazara, a kakar na sayar da shi, na haɗa da bijimi guda.

Likitar da ta riƙe mu mace ce, 'yar siririya mai tabarau, tana jin Hausa sosai. Ba zan taɓa faɗin mugun abu a kanta ba. Ranar da za a fara ta zaunar da mu ta ce gashin sau talatin da uku ne, kullum ban da Asabar da Lahadi. Ta ce fatar wuya za ta yi baƙi, baki zai yi gyambo, yawu zai ƙafe, wataƙila ba zai dawo ba.

Na ce, "Likita, ciwon ga shi nan wuri ɗaya. Me ya haɗa shi da yawu?"

Ta ajiye biro ta ce, "Alhaji, hasken da muke da shi yana shiga ne ya wuce. Zai ƙona ciwon, amma duk abin da ke gabansa da bayansa sai ya ɗanɗana. Akwai wani iri, ana ce mashi furoton. Shi yana shiga ya tsaya daidai inda aka ce ya tsaya, abin da ke bayan ciwon ba ruwansa."

Na ce, "To a yi mana da shi mana. Ko nawa ne."

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce babu shi a ƙasar nan, na'urarsa gini guda ce, sai ƙasashen masu hali. Ta ce amma akwai masu bincike da ke gwada wata dabara: su harba wani haske mai tsananin ƙarfi, leza, a kan fallen ƙarfe da bai kai takarda kauri ba, sai furoton ɗin ya fito da gudu. In dabarar ta yi, na'urar za ta iya ƙanƙancewa har asibiti irin nasu ya samu. "Amma har yanzu a ɗakin gwaji suke," in ji ta. "Inna ba za ta iya jiransu ba."

Inna ta tambaye ni me ake cewa, don likitar ta yi maganar da sauri. Na ce mata ana cewa akwai wani magani amma bai nuna ba tukuna. Ta ce, "To a yi da wanda ya nuna."

Suka jiƙa wata roba mai huji-huji a ruwan ɗumi suka ɗora mata a fuska har ta bushe da siffarta. Da ita ake ɗaure kan mutum a gado kar ya motsa. Ranar farko Inna ta tsorata, sai suka bar ni na shiga na riƙe mata hannu har aka gama ɗaurewa. Daga nan ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce, "Oya, kowa waje." Muka fita, su biyu da ni. Ya danna wani abu, ƙofa ta taho a hankali tana gurnani. Ban taɓa ganin ƙofa mai kaurin wannan ba, ta fi tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa. Ta rufe, jar fitila ta kama a sama. Su kuma suka zauna a wani ɗaki suna kallon mahaifiyata a talabijin, ita kaɗai a ciki.

A nan tsaye zuciyata ta ce mini: ai ka san wannan.

Mu masu ajiyar hatsi muna da wata ƙwaya da muke kira bom. Ka naɗe ta a tsumma ka cusa cikin buhu, ka jera, ka fita da sauri, ka rufe sito ka toshe kafofi. Ba mai shiga. Ba ta da hayaƙin da ido ke gani, amma duk mai rai a ciki sai ya mutu. Kuma in ka buɗe, ba a ranar ake kai hatsin kasuwa ba. Ni ƙa'idata, duk abin da na sa wa magani, ƙwaya ce ko gari, sai ya yi wata uku kafin in sayar wa mai ci, har alfahari nake da wannan a cikin 'yan kasuwa. Dalili kuwa, shekarun baya na taɓa zuwa jana'iza a wani ƙauye kusa da mu. Magidanci ya sa bom a wake ya ajiye a ɗakin da yaransa ke kwana. Gawa biyu ƙanana muka sallata a tabarma ɗaya, kuma har yau ina ganinsu.

To ga masu aikin da kansu sun gudu sun rufe ƙofa. Ga likita ta ce abin yana ƙona har inda ba a aike shi ba. Sau talatin da uku za a zuba mata shi. Na ce a raina, in buhu na riƙe magani, jikin mutum ma zai riƙe. Ban tambayi kowa ba. Ba wai kunya ko tsoro ne ya hana ni ba, ni dai ban ga abin tambaya ba ne, tunda a ganina na riga na gane.

Wani abokin cinikina ya ba mu ɗaki a gidansa, Allah ya saka mashi. Satin farko ba abin da ya canza, har Inna na cewa ita ba ta jin komai, ko dai wasa suke. Sati na biyu yawu ya fara kauri, ta ajiye goro. Na uku baki ya fashe, ko kunu sai an tace an bari ya huce, tana sha tana hawaye. Na huɗu na'urar ta sake tsayawa kwana huɗu, kullum mu je mu zauna a benci har azahar a ce mu dawo gobe. Na biyar fatar wuyanta ta yi baƙi ƙirin ta fara saɓulewa, muryarta ta koma raɗa. Ta ce ruwa da zuma da gishiri duk ɗaya ne a bakinta. A duk kwanakin nan, abu ɗaya take tambaya da safe: "Kai wannan, an ce takwarata ta ci abinci?" In na kira Rabi na kara wa Inna waya a kunne, Ummi na ta zuba, ita kuma ba ta da muryar amsawa, sai gyaɗa kai take kamar yarinyar na ganinta.

Ni kuwa tun satin farko na ware mata kofi da kwano da buta. Ina yi mata komai, amma in na gama sai in wanke hannu da sabulu in fita waje in zauna. A benci na ji wata mata na cewa ita ma dangin mijinta sun ware mata kwanuka. Na ce a raina, ka ji, ashe ba ni kaɗai na sani ba.

Da aka gama gashin, ana gobe za mu dawo na kira Rabi na ce ta kwashe kayan Ummi daga ɗakin Inna. Ta ce, "Haba Alhaji, yarinyar da ke ƙirga kwana?" Na ce, "Ke kika je asibitin ko ni?" Ta kwashe kayan.

A mota na yi wa Inna bayani. Na kawo mata misalin bom, don ta san shi, ta kuma san labarin yaran nan biyu. Ta daɗe tana kallon gonaki ta taga. Can ta jawo hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta raɗa, "Zai taɓa yarinyar?"

Na ce, "Zai iya."

"Har yaushe?"

Na ce, "Wata uku." Haka kawai, kamar ina maganar wake.

Ta ce, "To kar a bari ta zo kusa da ni."

Da muka shiga gida Ummi ta taho da gudu tana "Inna! Inna!" Rabi ta cafke ta a tsakiyar gida. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta wuce ɗaki, yarinya na birgima a ƙasa.

Amma wa zai tsare 'yar shekara huɗu? Ka juya baya tana bakin ƙofa. A rana ta uku, bayan azahar, Rabi na daka, Inna ta ɗan runtsa, Ummi ta lallaɓa ta hau gado ta kwanta a bayanta ta rungume ta. Inna ta farka ta ji hannun yarinya a wuyanta, daidai wurin ƙunar. Ina zaure na ji wani irin sauti, ba ihu ba ne, don ba ta da muryar ihu. Na shigo na tarar ta ture yarinyar ƙasa, ta kuma ɗauke ta da mari. Matar da ko harara ba ta taɓa yi mata ba. Tana nuna ƙofa tana cewa, "Fita! Ba na son ganinki! Fita!"

Rabi ta wanke Ummi da sabulu tun daga kai har ƙafa, ni na ce a yi. Gwaggo Lami ta zaunar da yarinyar ta ce, "Kin ga wuyan Inna? Wuta ce a jikinta. In kika taɓa ta haka za ki ƙone." Ina tsaye aka faɗa, ban hana ba, har daɗi na ji an samu abin da zai tsayar da ita. Ni da kaina na ƙara da cewa, "Ba a taɓa mara lafiya, kin ji?"

Daga ranar Inna ta fi kowa tsanani. Da ta hango inuwar yarinyar a bakin ƙofa sai ta ɗaga mafici ta haɗe rai. In Ummi ta tafi, sai ta juya bango, kafaɗunta na motsi. Cikin sati biyu Ummi ta daina zuwa. In za ta wuce sai ta yi kwana ta bi ta bayan turmi. Inna kuma ta sa aka ja mata gado daidai inda za ta riƙa hango tsakar gida ta cikin asabari, nan take wuni tana kallon yarinyar na wasa. Ta sa Rabi ta ƙirga mata tsabar masara casa'in a gwangwani, kowace safiya ta fitar da ɗaya ta jefa wa kaji.

Bayan sati bakwai muka koma ganin likita. Ƙullin ya sace sosai, na yi murna. Amma Inna ta rame, ga wani busasshen tari da ya kama ta. Likitar ta duba wuya, ta duba baki, ta rubuta hoton ƙirji. Har mun miƙe, sai Inna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a asibitin nan, ta yi magana da likita da kanta ba ta bakina ba.

Ta ce, "'Yata, saura kwana arba'in da ɗaya. Ba a ragewa?"

Likitar ta ce, "Kwanan me, Inna?"

"Kafin wutar ta fita daga jikina. Ina da 'yar jika."

Likitar ta dube ni. Na gyara tsayuwa na fara bayani, da muryar nan tawa ta mai sani, har da bom, har da wata uku. Ban kai ƙarshe ba ta cire tabarau ta dafe goshi.

Ta ce, "Innalillahi. Alhaji, wa ya faɗa maka haka?"

Na ce, "Ai na ga kuna fita kuna rufe ƙofa."

Ta ce, "Muna fita ne don mu kullum muna nan, mutum bayan mutum, shekara da shekaru. Wannan hasken kamar tocila yake. In an kashe, ya tafi. Ba abin da ke zama a jikinta, ko na minti ɗaya. Tun ranar farko da ta sauko daga gadon nan, ko jariri za ta iya goyawa."

Ta zagayo ta durƙusa gaban Inna, ta kama hannayenta biyu ta ɗora a kan kumatunta, ta ce, "Kin gani? Ni ma ina da yara a gida. Je ki rungumi jikarki."

Ban san yadda na fito daga ofishin nan ba. Da hoton ya fito likitar ta kira ni ni kaɗai, ta ce ciwon ya sauka huhu, ba sauran abin yi sai rage mata zafi. Na ce kamar wata nawa. Ta ce ita ba ta yanka wa mutum kwana, amma in akwai abin da Inna ke so, a yi shi yanzu.

A tasha Inna ta nuna wani mai tebur ta ce in sayo mata awarwaro, ƙanana, ja da ruwan ɗorawa. Ta ƙulle su a bakin zane. Tafiyar wuni guda ba ta ce da ni komai ba. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai da muka wuce Funtuwa muka kama hanyar gida na ji ta raɗa, ba da ni take ba, da gilashin mota take: "Na mare ta fa."

Muna shiga na sunkuci Ummi na nufi ɗakin da ita, ina cewa, "Zo, Inna ta warke, ta kawo miki tsaraba." Tunda ta gane inda muka dosa ta sandare. A bakin ƙofa ta fasa wata ƙara da ta tara mana maƙwabta, ta cije ni a kafaɗa, fitsari ya bi rigata. Inna na zaune bakin gado da awarwaro a tafin hannu. Ta ce, "Sauke ta. Kai wannan, sauke ta. Kar ka firgita ta a kaina."

Ba abin da ban gwada ba. Na zauna a gadon Inna na sha ruwa a kofinta a gaban yarinyar, sai ta fashe da kuka wai Baba zai ƙone. Rabi ta shiga ta kwanta jikin Inna, Ummi ta ƙi yarda uwarta ta taɓa ta har washegari. Gwaggo Lami ta zo ta ce, "Ƙarya na yi miki, ba wata wuta," yarinya ta dube ta, ta dubi baƙin wuyan Inna daga nesa, ta ruga. Ga shi kuma ta ji da kunnenta an ce ba a son ganinta. Aka ajiye awarwaron a bakin ƙofa, kwana da kwanaki suna nan, har kaza ta barbaza su.

Kwana goma sha tara Allah ya ba mu bayan dawowar. A na goma sha bakwai Inna ta ce a fitar da ita tsakar gida ta sha hantsi. Muka shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya muka kwantar da ita. Ta ce kowa ya yi harkarsa, kar a kira yarinyar, kar a kalle ta. Muka yi kamar muna aiki. Ummi ta daɗe tana leƙe daga bayan rumbu. Ta matso ta tsaya. Ta ƙara matsowa. Da ya rage kamar taku huɗu ta tsaya cak, ta mayar da hannayenta baya ta harɗe.

Ta ce, "Inna, sannu."

Inna ta ce, "Yawwa, takwara."

Ta buɗe tafin hannunta a kan tabarma, ba ta miƙa ba, buɗewa kawai ta yi. Ummi ta kalli hannun ta kalli wuyan, sannan ta juya ta koma bayan rumbu. Bayan kwana biyu, da la'asar, Inna ta cika.

Ina godiya ga likitar nan da ma'aikatan da suka yi ta ɗawainiya da tsohuwar na'ura. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. An gaya mana kar a shafa mai a wurin, kar a goge zanen da suka yi, kar rana ta doke shi. Me zai hana a ƙara magana ɗaya, da Hausa, tun ranar farko, cewa mutum ba ya tafiya gida da hasken? Yawancin masu zama a bencin nan manoma ne, mun san feshi, mun san maganin ajiya, da abin da muka sani za mu auna. Sauran laifin kuwa nawa ne, ba na raba shi da kowa. Daga baya na ji akwai wani nau'in gashin da ake sa abu a cikin jiki, shi yana da nasa dokokin. Don haka kar ku ɗauki maganata ma, ku buɗe baki ku tambayi likitanku, ko da kuna ganin kun sani.

Nakan tuna masu harba lezar nan da ban san ko su waye ba. Nakan yi musu addu'a Allah ya sa dabararsu ta yi, ta iso har irin asibitocinmu. Nakan ce da wuyan Inna bai yi baƙin nan ba, wataƙila da Ummi ba ta gaskata maganar wuta ba. Sai kuma in tuna ba na'ura ce ta hana yarinyar shiga ɗaki ba.

Ummi shekararta bakwai yanzu, tana da ƙanwa mai koyon tafiya. Ba ta maganar Inna, in an yi sai ta tashi. Na ɗauka ta manta. Daminar da ta wuce zazzaɓi ya kayar da ni kwana tara. Wata rana da hantsi Rabi ta aiko ta da ruwa. Ina kwance ina kallonta, ta zo bakin ƙofa ta durƙusa ta ajiye kofin, ta tura shi ciki da ɗan yatsa iyakar inda hannunta ya kai. Na ce, "Ummi, kawo mini nan mana, ba ni da ƙarfi." Ba ta motsa ba. Sai ga ƙanwarta ta taho tana tangaɗi tana "Baba, Baba," za ta shigo. Ummi ta damƙe ta ta baya, ta rungume ta gam.

Ta ce, "Kar ki shiga. Ba a taɓa mara lafiya."

Na ce, "Wa ya ce miki haka?"

Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Kai ka ce, Baba."

Ta saɓi ƙanwarta suka tafi. Na sauko daga gado da rarrafe na jawo kofin.